Kibiyar Da Ke Cewa A'a: Sharhi Kan Taswirar Matakan Aiki

Duk wanda ya taɓa bin takarda a ofis ya san cewa hanyar da fayil yake bi ba a rubuce take a ko'ina ba. Tana cikin kawunan ma'aikata, kowa da guntun da ya riƙe. Akawu ya san daga teburinsa sai teburin wane. Masinja ya san ofishin da ake jibge fayil a ƙasa har sai mai shi ya zo cigiya. Shugaban sashe kuwa ya san abin da ƙa'ida ta ce a yi, wanda sau da yawa ya sha bamban da abin da ake yi. Da za a tara su ukun a ce kowa ya lissafo matakan tun daga karɓar takarda har zuwa sa hannu, da wuya bakinsu ya zo ɗaya. Wannan giɓin ne taswirar matakan aiki take ƙoƙarin cikewa. Zane ne na akwatuna da kibiyoyi: siffar ƙwai a inda aiki ya fara da inda ya ƙare, akwati mai kusurwa huɗu ga kowane mataki, sai kuma wani akwatin da ke tsaye a kan tsininsa, wanda ake rubuta tambaya a ciki, kibiya ɗaya ta fita ta wajen "i", ɗaya ta wajen "a'a". Ƙungiyar daidaita ma'aunai ta duniya ta tattara waɗannan alamomi a ƙa'idarta mai lamba ISO 5807 tun 1985, kuma ɗalibin sakandare zai iya haddace su a zama ɗaya. Sauƙin nan nasu shi ne ya sa ake raina su, shi ne kuma ya sa ake wasa da su. A ganina darajar taswirar tana wuri biyu ne: tana tilasta a faɗi inda aiki yake tsayawa jira, kuma tana tilasta a faɗi abin da zai faru idan amsa ta zama a'a. Taswirar da ta kauce wa waɗannan biyun ado ce kawai ta bango.

Asalin abin a Amurka yake, a hannun Frank Gilbreth da matarsa Lillian. Shi ya fara ne da koyon aikin birkila kafin ya zama ɗan kwangila, ita kuma masaniyar halayyar ɗan Adam ce. A 1921 suka gabatar wa ƙungiyar injiniyoyin kanikanci ta Amurka wata takarda kan yadda za a zana aiki mataki-mataki kafin a ce za a gyara shi. Hujjarsu ita ce ba a gyara abin da ba a gani gaba ɗayansa ba. A shekarun 1930 Allan Mogensen ya shiga koyar da manajoji wannan dabara, wani ɗalibinsa Ben Graham ya ɗauke ta daga masana'anta ya kai ta ga aikin takardu na ofis, sannan a 1947 ƙungiyar injiniyoyin ta tsayar da alamomi biyar: da'ira ga aikin da ake yi wa abu, kibiya ga ɗaukarsa daga wuri zuwa wuri, murabba'i ga dubawa, alwatika ga ajiya, da wata alama mai kamar harafin D ga jinkiri. A lura da kyau, cikin biyar ɗin ɗaya ce tak take nuna an ƙara wa abu wani amfani. Sauran huɗun kai-kawo ne da jira da bincike. Mutanen da suka tsara wannan sun san inda lokaci yake zurarewa. A ɗauka akwai fayil da zai bi tebur biyar, kowane tebur aikin minti goma, amma sai ya yi mako uku kafin ya fito. Aikin gaske minti 50 ne, alhali lokacin ofis na mako ukun ya kai awa 120, wato minti 7,200. Bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Manajan da bai zana ba zai tsaya yana matsa wa akawu ya rage minti gomansa zuwa takwas. Wanda ya zana da gaskiya zai ga cewa ciwon yana cikin kwandon da ke tsakanin tebur da tebur. Abin takaici, taswirorin da aka fi gani yau sun yar da alamar jinkiri gaba ɗaya, sai akwati ya bi akwati sumul, kamar fayil ba ya kwana.

Akwatin tambaya kuwa zamanin kwamfuta ne ya ba shi girma. A 1947 Herman Goldstine da John von Neumann, a Princeton, suka bayyana yadda za a riƙa zana hanyar lissafi kafin a rubuta wa na'ura umarni, domin na'ura ba ta san "ai ka gane" ba. Duk inda hanya ta rabu, dole a gaya mata sharaɗin, a kuma gaya mata inda kowane reshe ya nufa. A 1966 wasu masana lissafi biyu na Italiya, Corrado Böhm da Giuseppe Jacopini, suka tabbatar da cewa duk wani tsari na irin wannan ana iya gina shi da abu uku: jerin matakai, zaɓi tsakanin hanya biyu, da maimaitawa har sharaɗi ya cika. Irin wannan tunani ba baƙo ba ne ga wanda ya zauna gaban malamin rabon gado. Ana fara da hidimar jana'iza, a biya bashi, a fitar da wasiyya daga cikin sulusi, sannan a zo ga magada, inda kowane rabo yake rataye da tambaya: mamaciyar ta bar ɗa ko 'ya? In ta bari, miji ya ɗauki rubu'i, in ba ta bari ba ya ɗauki rabi. Har ma da reshen da ba a saba gani ba an tanada, domin idan miji ya haɗu da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai, rabi da sulusi biyu sun zarce dukiyar, sai a koma ga hukuncin auli, wanda aka ruwaito an fara aiki da shi a zamanin Sayyidina Umar. Ƙarfin ilimin yana wajen cewa ba a bar wata tambaya babu amsa ba.

To, ga ƙalubale na farko, kuma mai nauyi ne: mutanen da suka fi kowa amfani da taswirar su ne suka fara watsar da ita. A shekarun 1960 kusan kowane mai rubuta manhaja yana da ɗan faifan roba mai huje-hujen alamomi wanda kamfanin IBM yake rabawa. Zuwa 1975 sai ga Fred Brooks, wanda ya jagoranci ɗaya daga cikin manyan ayyukan manhaja na wannan kamfani, ya rubuta a littafinsa The Mythical Man-Month cewa an zuzuta taswirar fiye da kima, kuma ƙwararru sukan zana ta ne bayan sun gama aiki, don kawai su cika sharaɗin ofis. A 1977 Ben Shneiderman da abokan aikinsa suka yi gwaje-gwaje da ɗalibai, ba su ga wani bambanci na a-zo-a-gani ba tsakanin waɗanda aka ba taswira mai dalla-dalla da waɗanda aka ba rubutun manhajar kawai. Gaskiya ne daga baya, a 1989, David Scanlan ya samu akasin haka a nasa gwajin, amma ba sai an fake da shi ba. A yarda Brooks yana da gaskiya. Abin tambaya shi ne me ya sa. Dalili shi ne mai manhaja ya riga ya mallaki wani rubutu da ya fi taswira daidaito, wato manhajar kanta, wadda na'ura take bi harafi-harafi, take kuma tona asirin duk reshen da aka manta. Da harsunan rubuta manhaja suka inganta, taswirar ta zama maimaici, kuma maimaici da ke tsufa da zarar an canza layi ɗaya. Amma ina irin wannan rubutu a ofishin filaye, ko ɗakin karɓar haihuwa, ko sashen biyan fansho? Babu. Abin da ake da shi takardun umarni ne da suka taru shekara da shekaru, wata tana warware wata, da kuma al'adar "haka muka tarar". A irin wannan wuri taswira ba ta maimaita komai, ita ce karo na farko da aka ajiye aikin gaba ɗaya a fili har wani ya iya nuna wuri da yatsa ya ce nan ba haka ake yi ba.

Misalin da ya fi gamsar da ni yana ƙananan asibitocinmu. A tsakiyar shekarun 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fito da tsarin duba yara 'yan ƙasa da shekara biyar, wanda ma'aikatan lafiya a Najeriya suka sani da IMCI, na Nijar kuma da PCIME. Zuciyar tsarin ɗan littafi ne na taswirori. Uwa ta shigo da yaro yana tari. Kafin a kula tarin, taswira ta ce a fara da alamomin haɗari: yana iya sha ko kama nono? Yana amayar da duk abin da ya ci? Ya yi jijjiga? Ya galabaita ko ya fita hayyacinsa? In ɗaya daga ciki ta tabbata, an faɗa layi mai ruwan hoda, wato a ba da maganin farko a tura babban asibiti ba tare da ɓata lokaci ba. In babu, sai ma'aikaciya ta ɗaga rigar yaron, ta jira ya natsu, ta sa agogo ta ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur. Daga wata 2 zuwa wata 12, numfashi 50 ko fiye sauri ne. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40 ko fiye. Mai saurin numfashi ya shiga layin rawaya, a ba shi maganin nimoniya a nan take a sa ranar dawowa. Wanda ba shi da ko ɗaya ya shiga kore, a koya wa uwa kula da shi a gida, a kuma gaya mata alamomin da in ta gani ta dawo da gudu. Daga nan taswirar ba ta sallami yaron ba, sai ta bi da shi ta gudawa, zazzaɓi, kunne, tamowa da rigakafi, ko da uwar tari kawai ta ambata.

A duba abin da ya sa wannan taswira ta yi aiki. Kowace tambaya tana da amsar da ido ko agogo zai iya bayarwa. Ba a ce "in yaron ya ji jiki sosai" ba, domin wannan ra'ayi ne, kuma ra'ayin wanda ya duba yara sittin tun safe ba ɗaya yake da na wanda ya fara yanzu ba. An jera tambayoyin ne bisa haɗari, abin da ke kisa da wuri shi ne a gaba. Kowane "a'a" yana da inda ya nufa, har shi koren ma aiki ne da aka fayyace. Sannan an yi ta ne domin wurin da likita ya yi nisa, inda ma'aikaciyar lafiya ɗaya ce take yanke hukuncin da a birni sai an haɗa da gwaji da hoto. Shaidar amfaninta kuwa tana da daɗi da ɗaci, kuma ɗacin ya fi koyarwa. A Tanzaniya, binciken da aka wallafa a 2004 ya samu mutuwar yara ta yi ƙasa da kimanin kashi 13 cikin 100 a gundumomin da suka bi tsarin, sai dai gundumomi huɗu ne kacal aka kwatanta, biyu da biyu. A Bangladesh, gwajin da aka wallafa a 2009 ya nuna ingancin duba yara ya ƙaru ƙwarai, amma bai iya nuna bambanci tabbatacce a yawan mutuwa ba. Wannan bai kamata ya ba kowa mamaki ba. Kibiyar da ta ce "a tura babban asibiti" santimita biyu ce a takarda, a ƙasa kuwa tana iya zama kilomita arba'in na hanyar da ruwa ya cinye, da kuɗin mota, da jiran izinin maigida. Taswira tana gyara hukuncin da ake yankewa a cikin ɗaki. Ba ta sayen mai, ba ta cika kantar magani. Amma ko a nan ta yi rana, don ta nuna takamaiman kibiyar da ta karye. Shi ya sa ma ake iya gyara ta: bayan Hukumar Lafiya ta ba da shawara a 2010 cewa a riƙa gwada jini kafin a ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, reshen zazzaɓi ya canza, kuma a 2014 aka mayar da yaron da ƙirjinsa ke faɗawa, in ba shi da alamar haɗari, daga layin turawa zuwa layin da za a ba shi amoxicillin ya sha a gida.

Ƙalubale na biyu shi ne wanda ƙwararru suka fi yi: taswira tana kashe basira, tana mayar da ma'aikaci kamar na'ura. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Ƙungiyoyin ƙwadago a Turai sun daɗe da gano wani salon yajin aiki inda ba a barin wurin aiki, sai dai kowa ya bi rubutacciyar ƙa'ida sau da ƙafa, kuma da haka kaɗai aiki yake tsayawa cik. Wannan ya isa shaida cewa kowane wurin aiki yana tafiya ne da dubban ƙananan dabaru da ba su cikin kowane zane. Masanin kiyaye haɗurra Erik Hollnagel ya yi suna wajen bambanta aiki yadda ake zatonsa daga sama da aiki yadda ake yinsa a ƙasa. Sai dai in aka bi wannan hujja a hankali, ba zanen take tuhuma ba, mai zanen take tuhuma. Taswirar da aka zana a ɗakin taro mai sanyi, daga bakin darakta, hoton zato ce. Wadda aka zana ta hanyar bin fayil ɗaya na gaske ƙafa da ƙafa, ana tambayar wanda yake riƙe da shi me zai yi da shi da kuma me yake yi in abin ya ƙi, ita ce take fito da dabarun nan fili, har a ga waɗanda ya kamata su zama ƙa'ida da waɗanda ɓarna ce aka saba da ita. Game da basira kuma, taswira mai kyau tana da akwatin da ke cewa nan iyakata, a kira na gaba. Layin ruwan hoda ke nan. Ƙwararren likita ba ya buƙatar a tuna masa ya ƙirga numfashi, ko da yake shi ma gajiya tana sa shi tsallake. Wanda ya fito makaranta bara yana buƙata, kuma yaron da ke gabansa ba zai jira ya yi shekara goma yana tara basira ba.

Inda na yarda da masu suka ba tare da ja ba shi ne wajen abin da ba shi da farko da ƙarshe. Taswirar matakai tana ɗauka cewa abu ɗaya ne yake tafiya, daga nan zuwa can, mataki bayan mataki. Kasuwar hatsi ba haka take ba, haka ma rikici ko yaɗuwar cuta: farashi yana sa manomi ya ƙara shuka, yawan shuka yana karya farashi, komai yana taɓa komai a lokaci guda. Masana irin su Jay Forrester sun ƙirƙiro wasu zane-zane daban domin wannan, masu nuna yadda sakamako ke komawa ya zama sanadi, kuma su ma suna da iyaka. A 2009 aka nuna wa Janar Stanley McChrystal a Kabul wani zane na yaƙin Afganistan mai ɗaruruwan kibiyoyi a cukurkuɗe, ya ce ranar da suka fahimci zanen sun ci yaƙin. Zanen da ya wuce abin da ido zai iya bi ya daina bayani. Duk taswirar da ta kasa zama a shafi ɗaya, ko dai aiki biyu ne aka cusa wuri guda, ko kuma abin da ake zanawa ba jerin matakai ba ne tun asali.

Saura batun da ba a cika faɗa ba, wanda nake ganin shi ne ainihin dalilin da ya sa taswirori na gaskiya suka yi ƙaranci a ma'aikatunmu. A 1990 Geary Rummler da Alan Brache suka yaɗa salon raba taswira layi-layi, kowane sashe da nasa layin, ta yadda duk lokacin da kibiya ta tsallaka daga layi zuwa layi an san aiki ya canza hannu. Hujjarsu ita ce mafi yawan lalacewa a tsakanin sassa take faruwa, a filin da babu mai shi. Da zarar an zana haka, tambayoyi marasa daɗi sukan taso. Me ya sa fayil yake zuwa teburin nan sau biyu? Wannan sa hannun na uku, me yake dubawa wanda na biyu bai duba ba? In an ƙi amincewa, wa yake sanar da mai nema, cikin kwana nawa? Duhun hanya jari ne ga wasu. Inda ba a san mataki na gaba ba, a nan ɗan-tsakiya yake cin abinci, a nan ake cewa "kawo na goro in tura maka". Gwamnatin tarayyar Najeriya ta taɓo wannan a watan Mayun 2017, lokacin da Yemi Osinbajo, yana muƙaddashin shugaban ƙasa, ya sa hannu a umarnin zartarwa na farko, wanda ya wajabta wa hukumomi su wallafa sharuɗɗa da kuɗi da wa'adin kowace hidima, ya kuma ce buƙatar da wa'adinta ya wuce ba a amsa ba a ɗauka an amince da ita. Dokar sauƙaƙa kasuwanci ta 2023 ta shigar da wannan cikin doka. Umarnin bai ce a yi zane ba, amma wannan sharaɗi na ƙarshe kibiya ce da aka ƙara a wurin da a da babu komai sai jira: wa'adi ya cika? In i, ga abin da zai faru. Ko ana bin sa wani zance ne daban, kuma mai nema ba zai iya kama kowa da laifi ba matuƙar bai san teburin da takardarsa take ba.

Don haka ga shawarata ga shugaban makaranta, da mai kula da asibiti, da sakataren ƙaramar hukuma, har da mai shagon da ke da yara uku. A zaɓi aiki ɗaya da mutane suka fi kuka da shi. A bi shi da ƙafa tare da waɗanda suke yinsa, a zana abin da ake yi yau kafin a zana abin da ake buri. A rubuta kwanakin jira a kan kowace kibiya, a sa sunan muƙamin da ke da alhakin kowane akwati, kada a bar tambaya ɗaya da ƙofa guda. Sannan a sa kwanan wata a ƙasa, a manna ta a inda masu zuwa neman hidima suke zama, da harshen da suke karantawa. Kai kuma mai bin takarda, in ka ga irin wannan zane a bango, nemi kibiyar "a'a" ka bi ta da yatsa. In ba ta kai ka ko'ina ba, ka tambayi mai ofishin dalili.